Ku Tambayi Anti Nas: Tsoron Sista Ya Sa Na Daina Tambaya a Wod

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa daga makarantun koyon aikin jinya suka fito, ɗalibai da malamai har da wani uba, kuma duk akan yadda ake zama da juna ne a makarantar. Kamar kullum na cire sunaye da sunan makarantu, unguwa kawai na bari.

TAMBAYA: Anti barka da aiki Allah ya ƙara basira. Ni ɗaliba ce a wata makarantar nas anan Kano ina shekara ta biyu, an turamu fostin, wato koyon aiki a asibiti, a wod ɗin masu ciki. Ranar nan sista tace in auna bifi, wato hawan jini, na wata mata, na ɗaura abin na hura na hura wallahi banji komai ba saboda hayaniya ga fanka ga 'yan dubiya, sai naje nace sista dan Allah banji sosai ba ki duba min, kawai ta ɗaga murya a gaban marasa lafiya da masu jinyarsu tace wai waye yake kwaso irin waɗannan dabbobin, ko da kuɗin ubanki kika sayi admishon, har wata mai jinya tana dariya. Tun daga ranar idan zan shiga wod gabana faɗuwa yake, matar nan ma bata yarda na sake taɓata ba. Ƙawayena sunce ni ce wawiya, su idan basu ji ba sai su kalli abinda aka rubuta a sama su rubuta makamancinsa a wuce wajen. Ni bana so inyi haka amma kuma bazan iya sake jure wannan cin mutuncin ba. Ya zanyi Anti?
Ɗaliba daga Kurna

AMSA: 'Yata sannu, Allah ya huci zuciyarki. Zagin ya min zafi ni ma, amma abinda ya hanani sukuni a saƙonki shawarar ƙawayenki ce dan haka da ita zan fara. A wod ɗin masu ciki kike fa. Mai ciki idan jininta ya kai 140/90 an fara sa mata ido kenan, idan ya kai 160/110 kuwa magana ta zama ta gaggawa, a kira likita a sauke jinin a duba fitsarinta, sau da yawa ma a fara mata allurar da ke hana jijjiga tun bata fara ba. Kuma jinin mai ciki yana iya tashi tsakanin safe da azahar tana zaune tana hira da ke kamar ba komai. To ki ɗauka ƙawarki ce a kanta, bata ji ba, ta kalli sama taga 120/80 ita ma ta dangwala 120/80. Likita yazo zagaye ya buɗe folda yaga komai lafiya ya wuce gado na gaba. Da daddare mata ta fara jijjiga kowa na salati ana cewa ikon Allah ɗazun nan fa lafiyarta ƙalau. Ba wanda zai taɓa sanin lambar nan ƙirƙirarta akai, ita kanta ƙawar taki ƙila bazata haɗa abin ba. Haka ake yi da ƙirgen numfashi, duk wanda ya daɗe a asibiti ya san yadda ake jera 20, 20, 20 a takarda tun daga gadon farko har na ƙarshe. Ke da kika je kika ce banji ba, ke ce kika yi aikin nas a ranar.

Su kuma ƙawayen naki ba da ƙarya aka haife su ba. Wani ne ya taɓa yi musu irin abinda akai miki ko suka ga anyi wa wata, sai suka gane ashe wanda ya tambaya shi ake ci wa mutunci, wanda yayi shiru ya sha. Abinda nake ta fama da 'yan uwana malamai da sistoci a kai kenan, tsawa bata sa ɗalibi ya iya, ɓoye rashin iyawarsa take koya masa. A 2015 an wallafa wani bincike da akai a Isra'ila, aka ɗauki tawaga 24 ta likitoci da nas-nas masu kula da jarirai bakwaini aka basu 'yar tsanar gwaji a matsayin jariri mai tsananin ciwo, wasu tawagogin sai aka sa wani wai baƙon ƙwararre ya yar musu da magana ta raini, ba ma zagi irin wanda kika sha ba, gatse ne kawai. Waɗanda akai wa haka sun fi sauran yin kuskure wajen gano ciwon da wajen aikin hannu, sun rage gaya wa juna abinda suka lura da shi, sun rage neman taimako. Masu shekaru a aiki kenan fa, balle ke.

Awon dai, ki koma ɗakin gwaji na makaranta ke da wata kuyi ta auna juna har kunnenki ya saba. Ki fara da yatsa, ki lalubo bugun jini a wuyan hannu kina hura abin har bugun ya ɓace, kinga kin san kusan inda lambar sama take tun kafin ki sa abin saurare a kunne. Sannan ki duba abin sauraren kansa, sau da yawa kan ne aka murɗa ya rufe, ki ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa kiji, kuma bakin da ake sawa a kunne gaba yake kallo wajen hanci ba baya ba. Idan hayaniya tayi yawa ba laifi bane kice bayin Allah dan Allah a ɗan yi min shiru na minti ɗaya, yunifom ɗin jikinki ya baki wannan damar.

Sista kuma kada ki tunkare ta a gaban mutane, kada kuma ki kai zancenta guruf. Ki bari sai zafin aiki ya sauka bayan an miƙa aiki, ki gaishe ta da kyau kice Sista ranar nan banji awon bane shi yasa nazo wajenki, ina tsoron in rubuta abinda ba shi ba, dan Allah idan kin samu minti biyu ki nuna min yadda kike yi. Kinga ba haƙuri kika bata ba dan baki yi laifi ba, amma kin bata hanyar da zata gyara ba tare da ta kunyata ba. Da yawansu ba mugaye bane, mace ɗaya ce aka bar wa wod cike, ga masu jinya na jan rigarta ga ɗalibai an jibge mata ba wanda ya tambayeta. Wannan bai halatta mata kiranki dabba ba ko kaɗan, na faɗa ne dan ki san ba ke ce matsalar ba. Idan ta sake, ki rubuta rana da lokaci da abinda aka faɗa ki kai wa malamar da ke bibiyarku a fostin, aikinta ne ta tsaya tsakaninku da wod. Kuma ki ci gaba da tambaya, Nana A'isha ta yabi matan Ansar ne saboda kunya bata hana su neman sanin abinda ya shige musu duhu ba.

TAMBAYA: Hajiya ina gaisuwa. Ni malami ne a makarantar jinya, naga kina yawan goyon bayan ɗalibai to ki ji namu ɓangaren. Yaran yanzu basu da tarbiyya, kana koyarwa suna danna waya, lakca ƙarfe takwas sai tara saura wata zata shigo tana taunar cingam ko sallama babu, ka basu aiki su kwafo daga intanet ko waƙafi basu canza ba, har an taɓa nuna min sitika da sukai da hotona a guruf ɗinsu na WhatsApp. Mu lokacin da mukai PTS, wato horon farko na sababbin ɗaliban jinya, idan malama ta shigo ko tari baka isa kayi ba kuma gashi mun zama mutane. Idan na sassauta hawa kaina zasu yi. Aikin nan rayuka ne a hannunsu, ta yaya za'a koyar da shi ba tsoro?
Malami daga Gyaɗi-gyaɗi

AMSA: Malam na gode da ka rubuto, kuma bazan ce duk ƙarya ka faɗa ba. Makara a aikinmu ba ƙaramin abu bace, wadda ta saba zuwa aji tara saura ita ce gobe zata bar 'yar uwarta da ta kwana a wod tana jiran wanda zata miƙa wa aiki, maganin safe ya wuce lokacinsa. Waya kuma wadda tayi sitika da hotonka yau ita ce gobe zata ɗauki hoton ciwon mara lafiya ta ɗora a sitatus, alhali dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana fitar da sirrin majinyaci ba da izininsa ba, kuma kansil, wato hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya tun 1979, tana da ikon hukunta nas har ta karɓe lasisi. Dan haka ban ce ka sassauta doka ba. Ka tsaurara ma idan kaga dama. Wulaƙanci nake cewa a cire, kuma sai mun daina haɗa su biyun nan kafin mu fahimci juna.

Kace rayuka ne a hannunsu shi yasa ake buƙatar tsoro, ni kuma saboda rayukan ne nake tsoron tsoron. A 1966 wani likita a Amurka, Charles Hofling, yayi wani gwaji, aka riƙa kiran nas-nas a waya da sunan wani likita da basu sani ba ana cewa su ba mara lafiya wani magani ninki biyu na iyakar da aka rubuta a jikin kwalin, maganin na bogi ne amma su basu sani ba. Cikin nas 22, guda 21 sun ɗauko zasu bayar sai da aka tare su. Ba jahilai bane, an dai horar da su ne akan idan na sama yayi magana ba'a musu. To ɗalibar da ko tari bata isa tayi a ajinka ba, ranar da likita ya rubuta wa jariri awon maganin babba saboda gajiya, da wane baki zata ce likita dan Allah a sake duba wannan? A ajinka ya kamata ta fara koyon faɗin haka cikin ladabi, idan kai ta kasa faɗa maka to bazata faɗa wa kowa ba.

Mun zama mutane kam alhamdulillahi. Amma ka tuna waɗanda muka fara PTS da su suka gudu kafin bikin saka mana hular nas, wasu sun fi mu ƙwaƙwalwa, kuma ka karanta saƙon yarinyar nan ta Kurna, sistar da ta kira ta dabba ai irin horonmu ta samu, abinda aka zuba mata take zubarwa.

Abinda naga yana aiki, ranar farko ta zango kada ka fara da karanto musu dokoki, ka tambaye su me suke so daga gare ka kai ma ka faɗi abinda kake so, a rubuta a manna a bango. Su ace ƙofa tana rufuwa takwas da minti goma, waya a jaka. Kai ma ace zaka zo akan lokaci, idan bazaka zo ba ka sanar da monita tun dare ba su hau adaidaita daga Rijiyar Zaki ko Ɗorayi su zo su zauna har sha ɗaya ba, zaka dawo musu da takardun gwaji su ga inda suka faɗi, zaka gaya musu yadda kake raba maki tun kafin suyi aikin. Idan ɓera da sata daddawa ma da wari Malam, mun san malamai masu ɓacewa rabin zango sannan su dawo su dunƙule komai a sati biyu da handawut na sayarwa. Kuma idan ka rufe ƙofa ka rufe wa kowa har da 'yar wane da aka kawo da takarda, ranar da suka ga an buɗe wa mutum ɗaya to yarda ta tafi, ba abinda ɗalibai ke saurin ganewa irin son kai.

Mai makara kullum ka kira ta ofis, ƙofa a buɗe, ka tambaya kafin ka yanke. Wata raini ne, ka hukunta ta. Wata kuma matar aure ce mai goyo sai ta kai yaro gidan kakarsa a Sheka sannan ta nemi abin hawa, ita wannan shawara take buƙata. Sannan dan Allah a daina yi wa yara dariyar turanci. Yarinya ta fito daga makarantar gwamnati a ƙauye ta daure ta ɗaga hannu, ta karya turanci aji ya fashe da dariya har da malami, shikenan ka rufe bakinta har ta gama, alhali idan aka shiga wod ita ce zata iya zama da tsohuwa ta fahimtar da ita yadda ake shan maganin sikari da Hausar da tsohuwar zata gane. Haka kuma idan ka juya bayani zuwa Hausa ka tuna akwai 'yan Sabon Gari da waɗanda suka zo daga wasu jihohi a ajin, ka maimaita musu.

Sitika kuwa ka kira monita kace na gani, banji daɗi ba, a goge. Kada ka tsaya binciken waye ya fara har kayi wa aji duka barazana da maki, hakan ne zai sa su haɗe kai a kanka. Kuma wani lokaci idan an maka tambayar da baka da amsarta kace ban sani ba zan duba, ka dawo da amsar washegari. Ba ya rage maka girma, kuma daga bakinka zasu fara jin cewa ana iya faɗin haka a zauna lafiya. Hadisin da muke yawan jawo wa yara akan girmama babba ai da jin ƙan ƙarami ya fara.

TAMBAYA: Anti mu 'yan shekarar farko a hostel mun zama bayin siniyoyi, ɗebo ruwa, gugar yunifom, a tashe ka sha biyun dare wai ka je siyo indomi, idan ka ƙi ace baka da ladabi za'a gyara maka zama a wod. Kuma idan ka roƙi tsofaffin tambayoyin jarrabawa sai su ɓoye, har 'yan ajinmu ma kowa ɓoye nasa yake.
Ɗaliba daga Hotoro

AMSA: Gaisuwa da ɗan aike na mutunci ba komai bane 'yata, a gida ma kina yi wa yayyenki. Amma tashin dare da barazana zalunci ne, ku haɗu ku biyar ko shida ku je wajen matiron ɗin hostel tare, kada mutum ɗaya ta je a sa mata ido. Su kuma shugabannin makaranta da zasu haɗa kowace siniya da juniya biyu a hukumance ace ke ce yayarsu, idan sun faɗi gwajin aikin hannu za'a tambaye ki, da kinga yadda abin zai juya.

Ɓoye tambayoyi kuwa wauta ce zalla. Jarrabawar kansil ba gurbi ake rabawa ba balle cin ƙawarki ya rage naki, duk wanda ya kai makin ci ya ci, kuma ɓangaren aikin hannu da ake zagaya tasha-tasha da agogo ba'a iya shirya masa mutum ɗaya, sai da wadda zata kwanta miki a matsayin mara lafiya da wadda zata riƙe agogo. Ku 'yan Kano ma kuna da gata, wata an kaita asibitin Murtala wata na Malam Aminu Kano wata Nasarawa, wata ta ga yara a Hasiya Bayero, wata ta ga karaya a asibitin ƙashi na Dala wata ta je asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, ba mai iya ganin komai ita kaɗai. Ku ware yamma ɗaya a sati kowa ta faɗi abu ɗaya da ta gani, ba tare da sunan mara lafiya ba.

TAMBAYA: Hajiya 'yata ta dawo gida tana kuka wani malami ya yaga mata aikinta a gaban aji yace bata da kan karatu ta je tayi aure. Ina da wanda na sani babba a ma'aikatar lafiya, in sa ya kira shugaban makarantar ne?
Uba daga Gwammaja

AMSA: Alhaji Allah ya saka da alheri da ka saurare ta, wani uban cewa zai yi ai karatu sai da haƙuri. Amma kada ka fara da babban mutum. Kiran zai sa a rabu da ita a fili, a ɓoye kuma ta zama 'yar wane mai kai ƙara, malamai suyi baya-baya da ita ƙawaye su riƙa yin shiru idan ta shigo, sauran yaran da ba su da kowa a ma'aikata kuma malamin ya ci gaba da yaga nasu. Ka sa ta rubuta abinda ya faru da hannunta ta kai wa mai kula da ajinsu ko ofishin harkokin ɗalibai, ta riƙe kwafi. Idan sati biyu suka wuce shiru, kai da kanka ka je a matsayin uba ka nemi ganin shugaban, ka tambaya wace hanya makarantar ta tanada idan ɗalibi yana da koke da kuma yadda ake kare shi daga ramuwa da maki. Wannan tambayar zata amfani 'yarka da 'ya'yan wasu. Idan kuwa maganar ta wuce zagi ta kai ga nemanta da lalata ko taɓa jikinta, to wannan ba'a jira sati biyu, a ranar ake zuwa.

TAMBAYA: Hajiya ni ce mai tsara fostin ɗin ɗalibai a makarantarmu. Wata ɗaliba 'yar shekara ta uku ta ba wata mara lafiya maganin maƙwabciyarta saboda sunansu ɗaya kuma an canza musu gado da dare, da ta gane da kanta ta je ta gaya wa sista, aka kira likita, alhamdulillahi ba abinda ya samu matar. Yanzu kwamiti zai zauna, wasu malamai sun dage a dakatar da ita ta zama darasi ga saura. Sistocin wod suna cewa mu malamai bama zuwa duba yaranmu, mu kuma namu suna cewa sistoci ne ke sakar wa ɗalibai aiki su tafi hira. Ni dai na rasa inda zan tsaya.
Malama daga Tarauni

AMSA: Ƙanwata, darasi kam zata zama, sai dai ku tambayi kanku wane darasi. Duk ɗaliban makarantar ido suka zuba, idan kuka dakatar da wadda ta kai kanta to kun gaya musu da babbar murya cewa gobe duk wadda tayi kuskure ta ja bakinta, kuma na gaba ƙila ba mai sauƙi bane irin wannan, ƙila insulin ne ko maganin da minti talatin na shiru zai iya kai mutum kabari. Wata malama a jami'ar Harvard, Amy Edmondson, tayi bincike a wasu asibitocin Amurka ta wallafa a 1996, tana zaton wod ɗin da ke da shugabanci mai kyau zasu fi ƙarancin kuskuren magani a rubuce, sai taga su ne ma suka fi yawa. Da aka bi diddigi ashe ba sun fi yin kuskure bane, sun fi faɗa ne saboda basa tsoron shugabarsu, sauran kuwa binnewa suke. Dan haka makarantar da ke alfahari ɗalibanta basu taɓa kawo rahoton kuskure ba ni tausayinta nake ji.

Ban ce a shafa mata kai a sallame ta ba. Ta tsallake ƙa'ida, kafin a ba da magani ana tabbatar da mutum da abu biyu aƙalla, cikakken suna da lambar folda, lambar gado ba shaida bace, kuma anan Kano da wod ɗaya zaki samu masu suna ɗaya uku wannan ba abin wasa bane. A sa ta sake gwajin rabon magani a gaban malama har sai an gamsu, ta rubuta yadda abin ya faru tiryan-tiryan, a kuma faɗa mata a gaban kwamitin cewa kai kanta da tayi shi ne daidai. Dakatarwa a ajiye ta ga wadda ta ɓoye, ko ta ƙirƙiri lamba, ko aka yi ta mata gargaɗi tana maimaitawa da gangan.

Sannan kwamitin kada ya tashi bai tambayi sauran ba. Waye ya kamata ya tsaya a kanta lokacin, tunda ɗaliba bata da lasisi bai kamata tana rabon magani ita kaɗai ba? An faɗi canjin gadon lokacin miƙa aiki da safe? Akwai wata alama da ake sawa idan masu suna ɗaya suka haɗu? Anan ne faɗanku da sistoci ya shigo, kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, shi yasa jifan juna daga nesa bazai ƙare ba. Ki gayyaci shugabar wod ɗin ta zauna a kwamitin a matsayin abokiyar aiki ba wadda ake tuhuma ba. Kafin kowane fostin ki taka da ƙafarki ki kai mata sunayen yaran da abinda aka koya musu da abinda ba'a kai ba tukuna, ki tambaye ta guda nawa zata iya ɗauka, ki bar mata lambarki. Malamai su raba kwanaki kowa ya riƙa leƙa wod ko na awa ɗaya ne, ba sai ranar sa hannu a littafi ba. Idan an gama a aika wa sistocin takardar godiya da sunansu, wallahi wasu sun shekara ashirin suna koyar da yaranmu kyauta ko sannu ba'a taɓa ce musu ba, sai ranar 12 ga Mayu ayi ta jawabi akan Florence Nightingale a watse.

Wani ƙaramin abu kuma, suna. Takardar duba aikin tiyata da hukumar lafiya ta duniya ta fitar a 2008 ta sa kowa a ɗakin tiyata ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa, saboda wanda aka san sunansa ya fi iya buɗe baki idan yaga ba daidai ba. Mu kuma yara suna wata guda a wod ana kiransu ke ɗaliba, ke mai gilashi, ke doguwa. Ki roƙi shugabar wod ranar farko a tsaya minti biyar kowa ya faɗi sunansa har masu shara da masu tura keke.

Kafin zaman kwamitin ki samu shugaban makaranta ke kaɗai ki faɗa masa matsayarki, kada ya fara jinta a cikin taro inda kowa ke kare abinda ya riga ya furta. Ita ma yarinyar ki kira ta yau ki gaya mata yadda zaman zai kasance da waɗanda zasu halarta, kuma tana iya zuwa da malama ɗaya da ta yarda da ita. Ki rubuto min yadda aka ƙare.

Masu tambaya akan dutin dare ga ɗalibai matan aure, saƙonninku sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.